Wutsiyarsa Tana Kallon Ƙofarmu

Ban san sunansa ba, ba na kuma neman sani. Ya sauka a filin jirginmu da tsohon jirgin sama na koyon tuƙi na soja, rawaya mai farfela, ya sha shayinmu, yanzu zai koma. Rigar matuƙa ce a jikinsa, sabuwa fil, ko ɗigon baƙin mai babu, ga tabarau har kunne. Ina jin irin manyan ofis ɗin Melbourne ne, waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba.

Kowa a nan ya san ba a tayar da inji wutsiya na kallon ƙofar rumfar jirage. Tasa kuwa mu take kallo. A ciki, tsohuwa Noeline ta gama shafa fenti ke nan a fiffiken jirgi na yadi da ta kwashe hunturu tana ɗinkawa.

Farfela ta juya. Jar ƙasa, busasshiyar ciyawa, kashin tumaki, duk suka yo ciki, suka manne a ɗanyen fentin.

"Kashe! Kai, bawan Allah, kashe!" Noeline ke ihu, mu kuma muna ta kaɗa hannuwa.

Ya waigo, ya gan mu, ya washe baki. Ga shi can yana ɗago mana hannu, wai shi mai amsa gaisuwar masoya.