Ranar Da Ruwa Ya Daki Shanyarmu

Tun kafin na fara aiki a injin casar shinkafa na Kura, abu ɗaya ke cin raina: an ce Ba'indiye ne mai kula da wurin, kuma ba Musulmi ba ne. Na ce, mutumin da ba ya salla, ina zai san tausayi? Ga Ummi a bayana tana shan nono, ga tumatirin Baban Ummi tsutsa ta cinye. In aka kore ni, tukunyarmu ta sauka.

Aikinmu shanya ne. Idan an turara shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, sai mu baza ta a siminti, muna juyawa da manjagara har ta bushe. In ruwa ya taɓa ta, sai ta yi baƙi ta yi wari.

Ba zan manta da wata Laraba a farkon damina ba. Muna cikin juyawa, hadari ya taso ta wajen Bunkure. Inna Talatu, shugabarmu, ta ƙwala ihu: "Tamfol, 'yan nan! Ke Hadiza, ƙafar aro gare ki?"

Mun yi iya yinmu. Iska ta fizge tamfol ɗin ɓangarena, ruwa ya sauka a kai. Ni ce Hadizar, ni ce sabuwa, kuma layina ne ya jiƙe.

Sai ga Oga, Ba'indiyen nan, a guje, ba lema. Bai nemi mai laifi ba. Manjagara ya ɗauka, ya shiga layina muka yi ta tarawa. Da muka shiga rumfa na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kada a sallame ni."

Ya dubi hannuwana da suka yi kanta, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Kin yi gudu. Na gani. Aiki naki, ruwa ba naki."

Inna Talatu ta ce, "Oga, asarar fa? Ko zuciyar taka tana Indiya?"

Ya yi dariya. Ya ce abin ya yi masa zafi sosai. Amma littafin addininsu na Hindu ya koya masa mutum ya kyautata aikinsa kamar ibada, ya saki sakamakon, kada riba ta kumbura shi, kada asara ta karya shi. Ya ce kullum da safe sai ya zauna shiru ya tuna wa kansa, domin shi ma da can mai faɗa ne.

Na ce a raina, ai wannan tawakkalin ne Malam ke faɗa mana a Islamiyya, ni kuma da kunne kawai nake jin sa. Addinina yana nan daram, amma ranar na ji kunya, na kuma ji sanyi.

Washegari ya mayar da ni layina.

Ku sababbin shiga aikin nan, roƙona ɗaya. Ran da ruwa ya daki layin wata, kada ku tsaya tambayar laifin wa. Ku ɗauki manjagara.