Ma'aunin Haske Don Hoton Inna

Ana sallame sallar Asuba muka bar Gaya, ni da ƙanin mahaifinmu, ranar kasuwar Ajingi. A wuyana akwai kyamarar yayana, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu da damina. Shi ne mai hoton unguwarmu. Ya bar mini kyamara da ɗakin wankin hoto, amma bai bar mini idonsa ba. Shi ɗaga kai kawai yake yi ya dubi sama, ya san yadda zai saita. Ni kuwa duk wanda na ɗauka, rigarsa ta fito fes, fuskarsa kamar gawayi.

Inna ce ta aiko daga Toranke in je in ɗauke ta hoto. Duk shekarun da yayana ya yi yana wannan sana'a ba ta taɓa zama gabansa ba, don shi ne ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Yanzu jikinta ya yi rauni ƙwarai. Na san idan wannan hoton ya lalace, ba lallai ne in sami zama na biyu ba.

Motar kasuwa muka hau, sule biyu kowa, muka zauna a kan buhunan gyaɗa. Hanyar yashi ce da gargada. A gonaki an girbe gero, dawa ce ta rage a tsaye. Wata akuya da aka ɗaure kusa da ni ta yi ta taunar igiyar kyamarar, har baffana ya ce in ɗauke ta hoto mana, tunda ita fuskarta fara ce. Rabona da dariya tun kafin rasuwar.

Mun isa Ajingi da hantsi, muka karya da ƙosai da koko a bakin tasha. Daga nan muka nemi wani dattijo, tsohon mai hoto kuma aminin yayana, wanda ido ya sa ya bar aiki. Bayan ta'aziyya na faɗa masa matsalata. Ya shiga ɗaka ya fito da ma'aunin haske guda biyu, kowanne ya kai tafin hannu, ya ce in zaɓa.

Na farko sabo ne mai ƙyalli. Nuna shi kake yi ga mutum daga inda kake tsaye, allurarsa ta motsa, ka karanta lamba. Zuciyata ta kwanta masa. Dattijon ya sa baffana ya tsaya a rana da farar rigarsa, ya ce in auna. Allura ta tafi can ƙarshe.

"To ka gani, ɗana. Rigar ya auna, ba mutumin ba. Mu kuwa fararen kaya muke sawa, fuskokinmu baƙaƙe. Ga shi da batir yake aiki, batirin kuma sai Kano."

Na biyun ya tsufa, gefensa ya ɗan fashe, a kansa akwai wani farin ƙoƙo kamar rabin ƙwai. Ba ya son batir. Shi sai ka taka ka je wurin mutumin, ka riƙe shi dab da haɓarsa, ka juya ƙoƙon ya fuskanci kyamara. Hasken da ke sauka a fuskar yake aunawa, ba ruwansa da tufafi. Shi na ɗauka. Da na sa hannu a aljihu sai dattijon ya haɗe rai, ya ce in yi wa abokinsa addu'a kawai.

Da la'asar sakaliya muka isa Toranke a kan kekunan aro. Inna ta sa aka kawo mana fura da nono, sannan ta fito da farin mayafi, ta zauna a kan tabarma a gindin darbejiya. Na durƙusa kusa da ita na ɗaga ma'aunin. Tun ina yaro ban ƙara kusantar fuskarta haka ba. Ta dubi abin, ta dube ni.

"Auta, shi ma wancan haka yake wa mutane?"

"A'a Inna, shi da ido yake aunawa."

Ta gyara mayafi, ta nuna kyamarar da ke wuyana. "To, ɗauka da abin nasa."

Na koma baya na saita yadda allura ta nuna, na ɗauka.

Washegari muka dawo Gaya. Ban ko cire takalmi ba na shiga ɗakin wanki. Ina motsa takardar a cikin ruwan magani, mayafin ya fara fitowa, sannan goshi, sannan tsagen da ke kumatunta, sannan idanun, suna kallon kyamarar kai tsaye ba ƙiftawa. Komai ya fito. Na zauna a ƙasa na yi wa Allah godiya, na yi wa dattijon nan addu'a.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, amma ya ishe ni. A da daga nesa nake tsayawa ina zargin rana. Ashe matsowa kusa ake yi. Hoton ya bushe, gobe baffana zai kai mata nata.