Wayar da Kawu Ke Damƙewa

Jiya a Tumfure ana ƙara wa motar da nake shiga daji da ita fitilu da ƙaramin firji, sai ƙaurin dalma ya tuna mini da marigayi kawuna, mai haɗa wayoyin mota a Bagadaza.

In ya gama aiki, sai ya sa ka kunna komai, ya damƙe wayar batir, ya ji ko za ta yi zafi.

Wata rana zan kai allurar shanu ruga, ina ta sauri, ya damƙe wayar da ya haɗa mini, ya ce, “Ɗana, ta yi ɗumi. Ɗumin nan a daji gobara ce.” Ya warware aikin, ya sa mai kauri.

Jiya da kaina na damƙe wayar. Sanyi ƙalau.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu.