Kwanon Gawayi: Ta'aziyyar Yayana Kafinta

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Yaya. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan sallar azahar, ka ce wa Maman yara ƙirjinka ya yi nauyi, ka kishingiɗa a kan tabarma, ba ka sake tashi ba. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma.

Mutane sun faɗi alherinka a zaman makoki, kuma ba su yi ƙari ba. Shekara ashirin kana sassaƙa wa ɗalibaina alluna, kana goge gefensu da kyau don kada sartse ya soki hannun yaro. Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai, shi nake so in rubuta, don 'ya'yanka su san yadda aka yi.

Tun muna yara kai mai lura da dabbobi ne. Na tuna ka taɓa sa wa kazar Inna ƙwan agwagwa. Da suka ƙyanƙyashe, sai 'ya'yan suka nufi kwatami suka faɗa ruwa, kazar tana zagaye tana kuka kamar za ta haukace. Ka ce mini, "Auta, wa ya koya musu iyo? Da shi suka zo." Daga baya, da ka girma, ka ƙara da cewa abin da dabba ta zo da shi na Mahaliccinta ne, amma abin da mutum ya koya mata, shi za a tambaya a kai.

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni bayan rasuwarka, saboda Gawayi, baƙin karen da ke gadin shagonka. Karen da ya gabace shi ɓarayi ne suka jefa masa nama mai guba ta kan katanga, ya mutu. Don haka ka horar da Gawayi kada ya ci komai daga hannun kowa. Wata biyu kana sa maƙwabta su jefa masa nama cike da barkono, har ya zama ko ƙashi ya gani a ƙasa sai ya kau da kai. Ka yi nasara, Yaya. Kuskurenka ɗaya, ba ka nuna wa kowa yadda kake ba shi izinin ci ba.

Muka yi jana'iza, muka shiga karɓar gaisuwa, sai a kwana na uku Maman yara ta lura kwanonsa na nan yadda ta ajiye, ƙuda na bi. Yana kwance a bakin ƙofar shago, ruwa kawai yake lasa, duk wanda ya matso sai ya yi masa gurnani. Babban ɗanka, Dogo, ya saka rigarka ta aiki ko warinka zai ruɗe shi. Ya shinshina, ya koma ya kwanta. A kwana na biyar haƙarƙarinsa sun fito, kuma ya kai wa wani da ya zo karɓar kujerun da ka yi masa cizo, Allah ya kiyaye bai same shi ba. Dogo ya ce, "Gwaggo, na kira likitan dabbobi, da la'asar zai zo ya yi masa allura ya huta. In ya ciji ɗan mutane fa, me za mu ce?" Ban ga laifinsa ba.

Ka san ni da kare. Ko inuwarsa ba na so ta taɓa zanena, har kana yi mini dariya kana cewa, "Malama, ai bai karya miki alwala da ido ba." Amma na zauna ina tunani: dabbar nan yunwa na cinta, abinci na gabanta, ba abin da ya tsare bakinta sai horonka. In ta mutu a haka, wa za a tambaya? Kai da kake kwance ba ka da ikon gyarawa.

Sai na tuna ranakun da nake zama a kan benci ina jiran alluna. Kakan ajiye kwanon, karen yana kallonka bai motsa ba, sai ka ɗauki ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa teburin aiki, ka faɗi wata kalma. Sau biyu ne ko sau uku, na kasa tabbatarwa, don a lokacin kau da kai nake yi. Gudumar kuwa tana cikin shago, shi kuma yana kwance a bakin ƙofa.

Ana kiran sallar la'asar na ɗauki kwanon. Maman yara ta riƙe mini mayafi ta ce, "Ke da ko kyanwa ba kya ɗauka? Rufa mana asiri." Na ce ta sake ni. Na yi bisimilla na taka. Ya ɗago kai, leɓensa ya janye, na ga haƙoransa. Gurnanin har cikin ƙafafuna nake jinsa. Na bi ta gefensa a hankali, zanena na gogar gashinsa, ban duba ƙasa ba. Na ajiye kwanon inda kake ajiyewa, na lalubo gudumar a cikin diddigar katako.

Na ƙwanƙwasa sau biyu. Gurnanin ya tsaya, kunnuwansa suka miƙe, amma bai taso ba. Na ɗaga hannu zan ƙara na uku, sai na ga ba teburin yake kallo ba, bakina yake kallo. A daidai lokacin na ji tsayuwar babur ɗin likita a waje. Sai kalmar da kake faɗa masa ta faɗo mini, na ce, "Halalinka ne, ci."

Ya miƙe yana tangaɗi, ya wuce ni, ya leƙa bayan teburin inda kake tsayawa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya dawo ya sa baki a kwanon. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai.

Likita ya koma da allurarsa. Na wanke zanena na yi sallah, washegari kuma na tara Dogo da ƙannensa da mahaifiyarsu, kowa ya riƙe gudumar ya gwada, har Gawayi ya ci a hannun mutum huɗu. Wannan nauyin ya sauka daga kanka, Yaya, in Allah ya yarda.

Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa bayinKa marasa baki. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa, da 'ya'yansa, da abokan sana'arsa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu sauke duk amanar da ke hannunmu kafin a kira mu. Amin.