Ranar da Manaja Ya Sallami Motar Ruwa

Har gobe raina yana ɓaci in na tuna ranar da manaja ya sallami motar ruwa. Lokacin ni ne shugaban leburori a wani kamfanin share gurɓatattun filaye, muna kwashe ragowar kwal daga wata tsohuwar ma'ajiya a bakin teku, ƙasa da unguwar Tompkinsville, a nan ƙasar Turawa. An daɗe da daina ajiya a wurin, tulin kwal ɗin ya marmashe ya zama gari.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Kafin katafila ta taɓa tulin, sai an jiƙa shi. In an tashi, a lulluɓe da tamfol. Duk tifar da za ta fita, a wanke mata tayoyi. Ni nake sa hannu a fom cewa an yi.

Wata Litinin, tsakiyar zafi, manaja ya ce hayar motar ruwa ta yi tsada, ya kore ta. Na ce masa, "Yallaɓai, akwai iska yau, ga gidaje a tsallaken titi." Ya ce aikina lodi ne, ba duban yanayi ba.

Kafin azahar wuri ya yi baƙi ƙirin. Baba Bitrus, mutumin Jos mai tuƙa katafila, yana da asma. Na ga ya kashe inji ya sauko yana dafe ƙirji.

"Malam Sani, numfashina ba ya kaiwa," in ji shi.

Motar asibiti na tafiya da shi sai ga Hajiya Rabi, 'yar Kumasi mai shagon abinci a tsallake. Ta dangwara min tiren waina a gabana, duk ta yi baƙi.

"Ɗan'uwa, kai ma da kai ake yi mana wannan?"



Ita ta kira hukumar muhalli. Washegari, kafin sufeton hukumar ya iso, manaja ya miƙo min fom ɗin jiya ya ce in rubuta an yi feshi sau uku. Na ce, "Mutum yana kwance da robar iska a hanci, ni in rubuta ƙarya? Wallahi ba da hannuna ba." Da sufeto ya tambaye ni, na faɗi abin da ya faru. Aka dakatar da aikin, aka ci kamfanin tara.

Motar ruwa ta dawo. Ni kuwa ba a sake kira na aiki ba. Baba Bitrus ya warke, amma likita ya hana shi aikin ƙura, yana da 'ya'ya biyu a makaranta. Manajan yana nan a kujerarsa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku ji. In an ce za a rage kashe kuɗi, ku tambaya wa zai shaƙi abin da aka rage. Ba mai zama a ofis ba ne. Kuma ranar da asiri ya tonu, sunan da ke kan fom za a nema.