Dakta Isaka da Taswirar Nima

Duk wanda ya san kawuna Dakta Isaka ya san ba ya kai loma baki sai ya tambaya, "Wa ya ɗauki nauyi?" Ko a gidan suna! Wata rana Hajiya Mariya mai waakye, wato shinkafa da wake, ta gaji ta ce, "Dakta, Allah ne."

Ya ce, "To, shi na san sharuɗɗansa. Ƙara min yajin shito."

Zanen taswira yake koyarwa a jami'a. Shekara da shekaru yana bin lungunan Nima, unguwarmu a Accra, da tsohuwar lemarsa, yana zana taswirarta don motar kashe gobara ta san hanya. Kwatsam jami'ar ta ƙulla yarjejeniya da sojojin wata ƙasa, wai binciken tsaro. Suna son taswirar, a sa musu masallatai da gidajen da ke saukar baƙi. Har da nawa ke nan, domin direbobin Nijar masu kawo mini albasa kasuwar Agbogbloshie a gidana suke kwana.

Shugaban sashensu ya ce, "Ilimi ne kawai, Dakta."

"Wuƙa ma ƙarfe ce kawai. Ni hannun da ya riƙe ta nake kallo."

Da ya hana taswirar, aka tilasta masa ya zaga unguwar da sojojin a ƙafa. Ya ce bismilla. To, a Zongo irin Nima ba a wuce ƙofa ba gaisuwa. Gidan farko ya zaunar da su: ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar tsohuwa, ga ta'aziyyar wanda ya rasu tun bara. Aka kawo koko, ya ce ƙin sha cin mutunci ne. Gaba kuma tuwo. Har la'asar ba su bar layin farko ba, babbansu sai neman bayan gida yake!

Ya ce, "Saura da yawa, Dakta?"

"Ai ba mu shiga Nima ba tukuna. Nan bakin unguwar Kanda ne."

Ba su dawo ba. Shi kuma aka sallame shi, saura ƙiris ya zama farfesa. Na ce, "Kawu, in ciniki ya cije rangwame ake yi. Ka ba su rabi mana."

Ya harare ni. "Kai ɗan albasa, wane rabin? Wanda gidanka ke ciki, ko na maƙwabcinka?"

Na tashi na koma kan buhunan albasata.

A ɗakin haya ya rasu, a unguwar Maamobi, ban taɓa jin ya ce da-na-sani ba. Kawu, ka rufa wa unguwa asiri. Allah ya rufa naka, ya yalwata maka kabari.