Ƙofar da na bari a buɗe a Bremen

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na uku a nan Kuala Lumpur, aka tura ni taro na mako ɗaya a Bremen, wani gari a arewacin Jamus. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta son faɗuwa, ga kogi ya ratsa gari, ga jirgin cikin gari yana isowa daidai lokacin da aka rubuta. Ba mai danna hon, ba mai ɗaga murya. Wallahi garin ya tafi da ni.

Da na dawo unguwarmu Taman Melati na ishi kowa. Bas ta makara, in ce a Jamus ba a haka. Muna zaune a mamak, shagon abinci da shayi na nan, muna shan shayi wani ya kwashe da dariya, in ce a Jamus da tuni maƙwabta sun yi magana. Abokaina suka laƙaba min Bajamushe. Matata kuwa ta ce wanda ya kwana a otal yana cin abincin taro bai san gari ba, otal ya sani. Na ce mata hassada ce kawai.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a lokacin shi ne gidanmu. Ɗaki biyu ne da falo, amma ya koma tasha. Masu iyali ba su da yawa a cikin ɗalibanmu na Arewa a unguwar, don haka duk gwauron da ya yi kewar tuwo, mu yake nufa. Ba mai kira kafin ya zo. Ina tsakiyar rubutu sai in ji sallama, ana tambayar Madam ko akwai ragowar miya. Sau da yawa nakan shige ɗaki in ce a ce ina barci.

Bayan shekara guda, wani farfesa da na haɗu da shi a wancan taron ya gayyace ni aikin bincike na wata shida a wajensu. Na tafi ni kaɗai, na bar matata da 'yarmu a nan.

To, a nan na fara sanin garin. Na sauka ana shiga sanyi, kafin la'asar ta yi nisa duhu ya rufe. Lahadin farko da biskit da ruwan shayi na wuni, don ban san ana rufe shaguna kaf ba, ni da na saba kowane lokaci in sauka mamak in yo tapau, wato a ƙunsa min abinci in taho da shi. Shara kuwa kala-kala ce, kowace da mazubinta. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tsohuwa ce, za ta girmi mahaifiyata, mijinta ya mutu, ita kaɗai take zaune. Maganar farko da ta haɗa mu ba gaisuwa ba ce. Tsayar da ni ta yi ta min bayani da Turancinta mai kauri cewa ba a kunna injin wanki ranar Lahadi, kuma kwalba ba ta shiga mazubin takarda. Na ce a raina, lallai na samu uwar ɗaki.

Amma kada in zalunci garin. Shirun nan da nake nema na same shi har ya yi yawa. Abin da na rubuta a wata uku ya fi na shekara guda a Taman Melati. Na'urorin aiki suna aiki, wanda ya ce zai zo zai zo, ba mai tambayar ina za ka. Ziyara ce dai sai an sa rana tun da wuri, ko da shan shayi ne.

Ana nan sai farfesan ya kira ni ofis. Ya ce akwai gurbin aiki na shekara biyu, in ina so nawa ne, kuma zan iya ɗauko iyalina. Ya ce in ba shi amsa bayan hutunsu na ƙarshen shekara. Na gaya wa matata a waya, ta ce ni na zauna a garin, ni na san shi, duk abin da na yanke za su bi ni. A zuciyata na riga na karɓa. Har na fara duba makarantar da za a sa 'yarmu.

Wata safiya a Disamba, ina shirin fita, yayana ya kira daga gida.

"Sai haƙuri," ya ce. "Baba ya rasu da asuba. Kafin azahar za a kai shi."

Babu jirgin da zai kai ni kafin azahar, ban ma nema ba. Na yi salati, na zauna a bakin gado na ɗan lokaci, sannan na tura wa farfesa saƙo. Nan take ya amsa da kalmomi masu daɗi. Ya ce kada in zo aiki, za su kula da gwajin da na bari, kuma ya gaya wa kowa a bar ni in samu natsuwa, kada a dame ni. Na san da alheri ya yi.

Na yi alwala na yi salla. Daga nan sai na ga ina yin abin da ake yi. Na ture tebur gefe, na shimfiɗa bargo a ƙasa tunda ba tabarma, na jera kujeru biyun da nake da su, na dafa shayi, na zuba dabino a faranti. Sai na wangale ƙofa, na tokare ta da takalmi, na koma na zauna. Ban tsaya tunanin wa zai zo ba. Tun ina yaro haka na ga ana yi idan an yi rasuwa, hannuwana ne kawai suka bi.

Wani mutum daga hawa na sama ya sauko da kekensa, ya leƙo, ya yi gaisuwarsu ta kalma ɗaya, ya wuce. Mai rabon wasiƙa ya zo ya tafi. Sanyi yana ta shigowa, shayi ya huce, na sake ɗumama shi.

Da rana matata ta kira ta bidiyo. A nan Kuala Lumpur magariba ta wuce. Ba ta iya magana sosai ba, sai ta juya min wayar. Falonmu ya cika maƙil. Gwaurayen nan da nake ɓuyar wa suna zaune a ƙasa, ɗaya yana jan addu'a. Maƙwabciyarmu Bamaleshiya, wadda muke kira Makcik, tana kicin da wata ƙatuwar tukunyar shinkafa tana ba da umarni kamar gidanta. Matata ta fita waje don mu ji juna, sai wayar ta hasko bakin ƙofa. Takalma ne birjik, silifas da kambas da na mata, tun daga ƙofarmu har bakin matakala. Ba wanda aka gayyata. Mai makokin ma ba ya ƙasar.

Wani abokina ya karɓi wayar ya ce, "Bajamushe, Allah ya jiƙan Baba. Muna nan har a yi uku, kada ka damu da gida." Ranar ce sunan bai ba ni dariya ba. Da na ajiye wayar na yi kuka, kukan da ban yi ba da safe.

Can sai ga tsohuwar nan ta hawo da jakar cefane. Ta tsaya ta ce ƙofata a buɗe take, ɗumin hita yana fita a banza, har ta kai hannu za ta jawo min ita. Na ce mata mahaifina ne ya rasu. Ta yi min ta'aziyya sosai, sannan ta ce ai kuwa bari ta rufe min don kada kowa ya dame ni. Na ce a'a, mu a wajenmu buɗewa ake yi, mutane su shigo su zauna. Ta tambaya in sun zauna me suke yi. Na ce ba komai, zama ne kawai. Ta dube ni, ta dubi bargon da dabinon, ta shige gidanta ta rufe. Na ce shi ke nan, na ƙara laifi a kan na kwalba.

Ba a jima ba ta fito sanye da babbar rigar sanyinta, ta ɓalla maɓalli har wuya. Ta cire takalmanta a bakin ƙofata, ta jera su daidai, ta shigo ta zauna a kujera.

"Tsawon wane lokaci ake yi?" ta ce.

"Har sai mutum ya gaji," na ce.

Ta dubi agogonta ta gyaɗa kai. Ta ci dabino ɗaya, ta riƙe ƙwallon a hannu, ina jin ba ta san wane mazubi nake sa shi ba. Can ta ce lokacin da mijinta ya mutu katunan ta'aziyya sun cika mata akwatin wasiƙa, amma ita kaɗai ta zauna a kicin, kuma a lokacin ta ɗauka haka take so. Da za ta tafi ta tambaya kwana nawa ake yi, na ce uku. Washegari ta zo daidai lokacin, jibi ma haka, ƙofa a buɗe, hita tana ta aikin banza, ba ta sake maganarta ba.

A rana ta uku ina zaune ina kallon takalman nan nata su kaɗai a bakin ƙofa, sai na tuna wancan tarin. Na yi tunanin matata a wannan benen na Bremen, ina wajen aiki, a ce waya ta zo mata irin wadda ta zo min. Bayan hutu na je na ba farfesa haƙuri, na ce ba zan karɓi aikin ba. Ya tambaya ko albashin ne, na ce a'a. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya saurara da ladabi, amma ban ga alamar ya gane ba. Matata kuwa da na gaya mata cewa ta yi, to in taho da cakulan.

Har yau idan aka tambaye ni Bremen nakan ce gari ne mai kyau, mutanensa ba mugaye ba ne, kulawarsu ce daban: in suna tausayinka sai su ja maka ƙofa. Ni ne ban iya zama da hakan ba. Kuma kada ku ɗauka na shiryu. Har yanzu muna Taman Melati, har yanzu ana zuwa ba a kira ba, kuma wani lokacin nakan ce a ce ina barci.

Aiki yakan kai ni can jefi-jefi, lokacin zafi, kuma duk zuwa garin sai ya sake burge ni. Zuwana na ƙarshe na sayi dabino na nufi tsohon gidan. Sunan da ke jikin ƙararrawar ƙofar tsohuwar ya canza. Mai keken nan ne ya buɗe min ƙofar ƙasa, ya ce ai ta mutu tun sanyin da ya wuce. Na tambaye shi ko an zauna mata. Bai gane tambayar ba, ya ce an yi komai yadda ya dace, ya wuce da kekensa.

Na hau sama na zauna a kan matakala, daidai ƙofarta, da ledar dabino a hannu, har sai da na gaji.